Abin da Gawo ya Koya Mana a Ƙasar Damagaram

(Jawabin da wani ɗalibin aji uku na Sashen Labarin Ƙasa ya yi a gaban taron Ƙungiyar Ɗalibai, sa'ad da ake shawara a kan makomar tafiyar nazari zuwa ƙetaren iyaka.)



Ina godiya ga Allah da ya tara mu a nan lafiya, sa'an nan ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama, alhali kuwa cikin waɗanda muka yi tafiyar tare akwai waɗanda suka fi ni ilmi da iya magana. Kowa a nan ya ji zancen da ake ta yi tun farkon zangon nan, cewa a daina fita da ɗaliban Labarin Ƙasa zuwa wata ƙasa, a tsaya ga 'yan zagayen da akan yi kusa da gida. Masu wannan ra'ayi suna da hujjojinsu, ba na kuwa raina su. Sun ce kuɗin mota ya yi tsada, sun ce hanya ba ta da tabbas, waɗansu ma sun ce tafiyar ba kome ba ce illa yawon buɗe ido da aka sa wa rigar karatu. To, ni ina cikin waɗanda suka je ƙasar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, cikin watan Fabrairun bara. Nufina yau in gaya muku abin da muka ƙunsa a ka muka tafi da shi, da abin da muka tarar a can, sa'an nan ku yanke hukunci.

Abin da muka tafi da shi kuwa shi ne abin da aka koya wa kowannenmu tun a makarantar sakandare: cewa hamada tana gangarowa kudu kowace shekara kamar rundunar yaƙi, cewa talaka ne ya buɗe mata ƙofa da gatarinsa da awakinsa, kuma cewa maganin abin shi ne hukuma ta kafa gandun daji ta hana shi shiga. Wannan zance ya daɗe. Tun cikin 1935 wani Baturen Ingila masanin itatuwa, E. P. Stebbing, ya yi gargaɗi cewa Sahara na gab da cinye arewacin Nijeriya. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, ya bi iyakar ƙasashen nan biyu cikin 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar wannan mamaya ba. Amma gargaɗin ya fi rahoton kwamitin tsawon rai. Da farin 1972 da 1973 ya zo ya kashe dabbobi ya watsa ƙauyuka, sai zancen ya sake tashi da ƙarfi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a kansa a Nairobi cikin 1977. Farin 1984 ya daɗa tabbatar da shi a zukatan mutane. Sai cikin 1991 waɗansu masana na Amurka, da suka bi hotunan tauraron ɗan'adam shekara da shekara, suka nuna cewa bakin hamada yakan matso kudu a shekarun fari, ya kuma ja da baya idan damina ta yi albarka. Mun ji wannan a aji, mun rubuta shi a jarrabawa, amma a gaskiya bai shiga zuciyarmu ba. Da muka hau mota daga Kano, yashi muke sa ran gani.

Muka bi ta Kazaure da Daura, muka tsallake iyaka a Kongolam, muka nufi Matamaye. Jama'a, tun ba mu yi nisa ba motar ta yi tsit. Lokacin rani ne sosai, hazo ya rufe sama, gonaki babu kome sai kututturan gero, amma ko'ina ka duba, dama da hagu, itatuwan gawo ne kore shar, manya da ƙanana, a tsakiyar gonakin mutane, har iyakar ganin ido. Wani abokina ya juya ya tambayi malaminmu ko wannan gandun gwamnati ne. Malam ya yi murmushi ya ce ya bari sai mun sauka, ya tambayi masu gonakin.

Ya kamata in tsaya kaɗan a kan wannan itace, domin 'yan'uwanmu na sauran sassa waɗanda suka tashi a birni. Gawo yana da hali saɓanin na sauran itatuwa. Da damina ta kama sai ya zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya shiga, sa'ad da kome ya bushe, sai ya yi sabon ganye ya kuma yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa suna ci, su bar kashinsu a wurin. Har wa yau shi dangin wake da gyaɗa ne, watau saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda muke saye da tsada a buhun takin zamani. Don haka geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, kowane manomi a can kuwa ya san haka tun ba a haifi kakan malaminmu ba. A Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Aikin da aka ba mu kashi biyu ne. Da safe mu ja igiyar awo mu keɓe fili mai mita 100 kowane gefe, watau hekta guda, mu ƙirga itatuwan da ke ciki, mu rubuta irinsu, mu auna kaurinsu daidai ƙirji. Da la'asar kuma mu shiga gari da takardar tambayoyi. A nan ne na ci karo da abin da ya sa na yarda in tsaya gabanku yau.

A wani ƙauye kusa da Matamaye aka haɗa ni da wani dattijo, yana zaune gindin bishiya yana tufkar igiya. Bayan mun gaisa na buɗe takardata na karanta masa tambaya ta farko kamar yadda muka tsara ta a ɗakin karatu: mene ne ke kawo gurgusowar hamada a garinku, saran itace ne, ko yawan kiwo, ko yawan jama'a? Dattijon ya dube ni, ya dubi gonakin da ke bayana, ya ce, "Ɗana, wace hamadar?" Na ce, "Baba, wadda ke tahowa daga arewa." Ya yi dariya ya ce, "Da ka zo bayan babbar yunwar nan, shekara arba'in ke nan, da na nuna maka ita. A lokacin daga nan kana hangen rumbunan garin can, babu abin da ya tare maka ido. Iska kan binne shuka, sai mun yi iri sau biyu, sau uku. Yau kuwa mutanen garin nan sun ninka, itatuwan ma sun ninka. To, a wane gida na takardarka za ka rubuta wannan?" Na duba takardata, babu gidan da zan rubuta shi. Mun tsara tambayar ne da amsarta a ciki, amsar kuwa ita ce laifin nasa ne.

Na rufe takardar na roƙe shi ya zaga da ni gonarsa. Ya nuna mini cewa ba wanda ya dasa itatuwan nan. Kututturen sabara da na kalgo, waɗanda a da akan sassabe su ƙasa a ƙone kowace bazara, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan suka yi toho, sai manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku mafiya ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su kowace shekara har su zama itace. Gawo kuwa yakan fito da kansa daga kashin dabbobin da suka ci 'ya'yansa, aikin manomi kurum ya gane shi tun yana ƙarami, ya kauce masa da hauya, ya kare shi daga awaki. Wannan dabara a Nijar ana ce mata sassaben zamani. A ƙasar Maraɗi an san ta da sunan wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, sai cikin 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da ake ɗauka ciyawa ce rassan itatuwa ne masu rai, ya shiga jawo hankalin manoma a kai. A ƙasar Matamaye da Magariya da Mirya kuwa yawancin aikin manoma ne suka yi shi da kansu, maƙwabci yana koyo wurin maƙwabci. Masu binciken da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar abin ya kai wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Na tambayi dattijon, tun da sun san amfanin gawo tun kaka da kakanni, me ya sa suka bari ƙasar ta yi tsirara a da. Amsarsa ita ce darasin da ya fi kowane girma a tafiyar. Ya ce a da itacen da ke gonarka ba naka ba ne, na hukuma ne. In ka sare reshe, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Gara ka kashe shi tun yana tsiro, kafin a gan shi. Wannan doka gado ce daga mulkin Faransa. Da ƙarfin hukuma ya ragu a ƙauyuka cikin shekarun 1980, sa'an nan aka yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sai manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa nasa ne, ya kuwa shiga kula da shi kamar yadda yake kula da akuyarsa. Hannun da aka ce shi ya kira hamada, shi ne ya tsayar da itatuwan nan, ranar da aka sakar masa mara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yan'uwanmu mata da muka je tare sun shiga cikin gidaje, inda mu ba mu da ikon shiga, suka fito da abin da igiyar awonmu ba za ta nuna ba. Tsofaffin mata sun gaya musu cewa akwai lokacin da neman itacen girki kan cinye musu rabin yini, har sukan koma ƙona kara da kashin shanu, watau takin da ya kamata ya koma gona. Yanzu kuwa rassan da aka datse a gonar gida sun rage musu wannan wahala, kukar miya da 'ya'yan gawo kuma suna kawo musu 'yan kuɗi ranar kasuwa.

Shugaban taro, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce babu matsala a ƙasar Sahel. Akwai ta, mun kuwa gan ta. Ruwan da Kano kan samu a shekara yakan kai milimita 800 ko fiye, birnin Damagaram kuwa wajen rabin haka yake samu. Da muka bi hanyar Tanut, arewa da birnin, sai itatuwa suka yi ta raguwa, sai ƙaya da aduwa jefi-jefi, rijiyoyi suka yi zurfi, muka ga gonakin da iska ta kwashe musu ƙasar sama. Tun 1961 Nijar ta yi doka ta shata iyakar da noma zai tsaya, domin arewa da ita ta zama ta makiyaya, Abzinawa da Fulani, amma yau gonaki sun wuce wannan iyaka, rigima kuwa ba ta ƙarewa a kan burtali da mashaya. A kudun ma, inda itatuwan suke, gonaki suna ta ƙanƙancewa saboda rabon gado, samari da yawa suna cin rani a Kano da Legas, ana kukan ɓarayin itace da dare, makiyayin da ya saba saran reshe ga dabbobinsa kuma yanzu sai ya tarar da mai shi a tsaye. Itatuwan ba su hana yunwar 2005 ta taɓa Maraɗi da Damagaram ba. Abin da nake cewa shi ne lalacewar ƙasa aba ce ta wuri-wuri, kowane wuri da dalilinsa, wanda duk ya yi mata kuɗin goro kuwa zai rubuta magani ɗaya ga cututtuka goma.

Wannan ba sabon zance ba ne a fanninmu. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar da Labarin Ƙasa a Zariya da Kano fiye da shekara ashirin, ya shafe shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri, a ƙasar da yanzu take Jihar Jigawa, yana duba yadda mutane ke jure wa fari. Ya kuma nuna cewa karkarar Kano, duk da cunkoson jama'arta, gonakinta suna cike da itatuwa, ana noma su kowace shekara da taki ba su mutu ba. Bai gano haka daga kan kujera ba. Ya gano shi ne da ƙafa, da haƙurin zama da mutane.

To, mai tambaya zai ce, tun da ana iya ganin irin wannan a Jigawa, don me sai an tsallake iyaka? Amsata ita ce, iyakar kanta ita ce abin nazarin. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka yi tsakanin 1898 da 1906. Mutumin Daura da mutumin Matamaye harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, gero ɗaya suke shukawa a irin jigawa ɗaya, gajimare ɗaya ke yi musu ruwa, akwai ma auratayya tsakaninsu. Abin da ya bambanta su shi ne hukuma, da doka, da kuɗi, da yadda kowace gwamnati ta ɗauki talakanta. Idan ka ga gona a wannan gefe ta bambanta da gona a wancan, ka san ba daga sama bambancin ya sauko ba. Masu ilmin kimiyya suna da ɗakin gwaji, mu kuwa wannan shi ne namu. Ɗaliban jami'o'in Ingila sukan biya kuɗin jirgi su tafi Almeriya a kudancin Sifen, ko Maroko, domin kawai su ga ƙasa mai ƙarancin ruwa da yadda mutane ke zaune a cikinta. Mu kuwa tsakaninmu da Damagaram bai kai tafiyar yini guda a mota ba. In muka ce ta yi mana nisa, sai mu zauna mu jira su rubuta mana labarin maƙwabtanmu, mu saya mu haddace.

Amma zan zama marar gaskiya in na ɓoye muku laifinmu. Mun shiga ƙasar mutane da ɗagawa, muna ganin mu ne 'yan jami'a daga babbar ƙasa. Ko ƙirgen kuɗinsu ba mu koya ba kafin mu tashi: mai shayi ya ce mana dala arba'in, muka tsaya muna musu, ba mu san cewa dala a can sefa biyar ce ba. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne abin da dattijon nan ya faɗa mini da za mu rabu. Ya ce, "Ɗana, ba ku ne na fari ba. 'Yan lakwal sun zo, Turawa sun zo, kowa ya tambaya, ya rubuta, ya hau mota. Har yau ban ga wanda ya dawo ya ce, Baba, ga abin da muka gano ba." Ban sami abin ce masa ba. Mun ci tuwonsu, mun sha furarsu, mun ɗauke musu yini, mun dawo mun sami maki, rahoton kuwa yana can cikin kabad, an rubuta shi da Turanci, harshen da ba mai ji a garin. Wannan bashi ne a wuyanmu.

Saboda haka ina roƙon wannan taro abubuwa huɗu. Na farko, kada a soke tafiyar. Na san tun juyin mulkin watan Yulin 2023 a Nijar, da rufe iyakar da ya biyo baya har zuwa watan Maris na 2024, da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025, shige da fice ya ƙara tsauri, kuma ran ɗalibi guda ya fi kowane rahoto daraja. Shekarar da hukumomi suka ce hanya ba ta da kyau, a yi aikin a gefenmu, a Zango ko Ɓaure ko Maigatari, amma a bar ƙofar a buɗe. Na biyu, maganar kuɗi: a kafa asusu tun daga aji ɗaya, kowa ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan, ƙungiya ta tallafa wa marasa hali, domin kada tafiyar ta zama ta 'ya'yan masu kuɗi kaɗai. Na uku, a ƙulla zumunci da takwarorinmu na jami'ar da ke Damagaram, mu yi aikin tare, su ma su zo su auna gonakinmu su yi mana tambayoyi, a kuma daina tsara takardar tambaya kafin a zauna da mutanen gari a ji abin da ya dame su. Na huɗu, kowace tawaga ta rubuta taƙaitaccen rahotonta da Hausa, tawagar da ta biyo baya ta kai shi, a karanta shi a ƙofar mai gari a gaban waɗanda suka ba da amsoshin, su gyara mana inda muka yi kuskure. Namu na bara mun riga mun fara fassara shi, muna neman wanda zai kai.

'Yan'uwana ɗalibai, nan da 'yan shekaru waɗansunmu za su zauna a ma'aikatun gona da na gandun daji da na tsare-tsare, su ne za su sa hannu a kan takardun da za su shafi gonar talaka. Wanda bai taɓa tsayawa a gona ya ji kunyar tambayarsa ba, zai rubuta doka irin wadda ta sa manomi kashe tsiron gawo don tsoron tara. Kuɗin mota da muke ƙorafi a kansa bai kai ɓarnar doka guda irin wannan ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuwa malamaina suna nan za su gyara. Allah ya ba mu damina mai albarka, mu da maƙwabtanmu, ya sa ilmin da muke nema ya amfani waɗanda suka ciyar da mu.